Furodusoshin hip-hop huɗu a kan ma'auni: wa ya fi iya sauya hannu?

Aikin furodusa a waƙar hip-hop hidima ce da ake biya: mawaƙi ya zo da baitocinsa, furodusa ya ɗinka musu kiɗan da za su hau, kuma sau da yawa kiɗan ne yake sa a tuna da waƙa bayan an manta kalmominta. Na ɗauki makonni ina sake sauraron ayyukan mutum huɗu daga cikin fitattun masu wannan sana'a a Amurka, wato DJ Premier da Dr. Dre da Kanye West da marigayi J Dilla, ina bin kowannensu daga farkon aikinsa zuwa inda ya kai. Tambayoyi biyu na riƙe a matsayin ma'auni. Ta farko ita ce mawaƙa iri nawa mutum zai iya yi wa aiki ba tare da ya tilasta musu bin salonsa ba, ta biyu kuma ita ce ko sautinsa ya yi tafiya cikin shekaru ko kuwa yana nan inda aka san shi. Masu muhawara kan wannan batu sukan cakuɗa tambayoyin biyu, alhali mutum guda yana iya cin ɗaya ya faɗi ɗaya.

Lamarin DJ Premier ya fi sauƙin yankewa. Haifaffen Texas ne wanda ya yi suna a birnin New York tare da Guru a ƙungiyar Gang Starr, kuma tun farkon shekarun 1990 hanyarsa ɗaya ce: ya tsinto ɗan gajeren gutsure daga tsohon faifan jaz ko sol, ya daddatsa shi, ya ɗora shi a kan ganga mai nauyi, sannan ya haɗa amshi daga muryoyin wasu mawaƙa ta hanyar karce faifai da hannu. Da wannan hanya ya yi wa Nas waƙoƙi uku a kundin Illmatic na 1994, da ita ya yi wa Notorious B.I.G. da Jay-Z aiki, kuma ko da Christina Aguilera ta neme shi a 2006, ita ce ta shigo gidansa ta zauna a kan ƙa'idarsa. Wanda ya je wurin Premier ya san abin da zai karɓa, kuma zai karɓe shi da inganci, amma a kan tambayoyina biyu makinsa kaɗan ne, kuma ban ga alamar hakan ta taɓa damunsa ba.

Dr. Dre kuwa ya sauya sauti sau biyu a fili, kuma kowane sauyi ya ja kasuwa gaba ɗaya ta bi shi. Kiɗan da ya yi wa ƙungiyar N.W.A a 1988 mai sauri ne, cunkushe da hayaniya. A kundin The Chronic na 1992 ya rage gudu, ya kawo bas mai zurfi da wani siririn amon madanni mai kama da fito, ya jingina da kiɗan fank na George Clinton da ƙungiyoyinsa. Maimakon ya riƙa yanko tsohon faifai kai tsaye, ya fi son ya sa makaɗa su sake kaɗa sashen da yake so a situdiyo, abin da yake ba shi sauti mai tsabta da ikon juya kowane amo yadda ya ga dama. Wannan dabara ta zo daidai lokaci, domin hukuncin da wata kotun New York ta yanke wa mawaƙi Biz Markie a 1991 ya sa neman izini kafin ɗaukar gutsure ya zama dole, kuma wanda ya sake kaɗawa ba sai ya biya mai faifan asali ba, marubucin waƙar kaɗai zai sallama. A 1999, cikin kundin da ya sa wa suna 2001, ya sake tsage kiɗan ya bar shi da fiyano da bas da ganga masu sarari a tsakaninsu, tare da taimakon Scott Storch da Mike Elizondo da Mel-Man. Ƙarfin Dre yana wajen daidaita sauti da horar da muryar mawaƙi, kamar yadda aka ji a ayyukan farko na Eminem da 50 Cent. Aibinsa jinkiri ne: shekara 16 ya ɗauka kafin ya fitar da kundinsa na gaba a 2015, kuma kundin Detox da aka yi ta jira bai taɓa fitowa ba.

Idan aka zo kan Kanye West, yawancin masu sauraro nan take suke miƙa masa kambun, kuma ba su rasa hujja ba. Ya fito daga Chicago da salon ɗaukar muryoyin tsofaffin mawaƙan sol yana ƙara musu gudu har su zama sirara, salon da ya bayyana a kundin The Blueprint na Jay-Z a 2001. A 2005 ya jawo Jon Brion, mai tsara kiɗan finafinai, ya cika kundinsa da goge da ƙahonni. A 2008, bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya ajiye gutsuren faifai gefe, ya koma ga amon na'urar ganga ta TR-808 da kamfanin Roland ya fitar a 1980, ya riƙa rera waƙa ta cikin manhajar Auto-Tune mai sarrafa amon murya, kuma abin da aka yi wa dariya a lokacin shi ne daga baya ya zama tafarkin samarin mawaƙa masu yawa. A 2013 ya zo da kundin Yeezus, mai kaushi da ƙarar ƙarfe, wanda ba shi da wata kama da inda ya faro.

Sai dai mai bita ya kamata ya karanta jerin sunayen da ke bayan kundi. Tun daga 2010 zuwa sama, da wuya a sami waƙar Kanye da ba ta ɗauke da sunayen furodusoshi da dama ba: a shekarun 2010 Mike Dean yana nan kusan ko'ina, Daft Punk na Faransa sun sa hannu a Yeezus, kuma Rick Rubin aka kira a makonnin ƙarshe ya rage kayan da suka yi yawa. Ban ɗauki wannan a matsayin laifi ba, domin sanin wanda za a kira da abin da za a zubar gwaninta ce mai zaman kanta, amma gwanintar shugaban aiki ce, kuma ya kamata a kira ta da sunanta. Ta fuskar hidima ga wasu mawaƙa ma akwai abin dubawa. A 2018 ya fitar da gajerun kundaye biyar cikin makonni biyar, nasa da na wasu. Na Pusha T ya fito a tsare kamar an auna shi da ma'auni, na Nas kuwa duk wanda ya saurara zai ji alamar gaggawa a cikinsa.

A nan ya dace in ambaci Timbaland, ko da yake ba ya cikin huɗun, domin idan tambaya ta farko kaɗai ake yi, ya wuce su duka. Mutumin da ya yi wa Aaliyah aiki a 1996, ya raka Missy Elliott tsawon shekaru, ya yi wa Jay-Z, sannan ya mamaye kasuwar fof a 2006 da Justin Timberlake da Nelly Furtado, ba a yi masa gardamar faɗin hannu.

J Dilla na Detroit shi ne wanda na fi daɗewa a kansa, kuma shi nake bai wa matsayi na farko a tambaya ta biyu, domin sauye-sauyensa daga yatsunsa suka fito, yana zaune shi kaɗai a gaban na'urar Akai MPC3000. Wannan na'ura tana iya gyara bugun makaɗi ta mayar da shi daidai kan lokaci, kuma kusan kowa ya dogara da hakan. Dilla ya riƙa sa wani bugu ya riga lokaci kaɗan, wani ya makara kaɗan, har kiɗan ya riƙa tangaɗi kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa. Makaɗan ganga na gaske, ciki har da Questlove, sun zauna sun koyi kwaikwayon abin da ya yi da na'ura, wanda shi ne akasin yadda aka saba.

Farkon aikinsa, da ƙungiyar The Pharcyde a 1995 da kuma ƙungiyar A Tribe Called Quest, mai laushi ne, cike da ɗumin jaz, kuma sunansa ya ɓuya a ƙarƙashin sunan haɗaka na The Ummah, abin da ya sa mutane da yawa suka so kiɗansa ba su san nasa ba ne. Bayan ya yi wa Common da Erykah Badu aiki a 2000, a daidai lokacin da kowa yake neman wannan laushi a wurinsa, sai ya juya masa baya. Kundinsa Ruff Draft na 2003 kaushi gare shi da gangan, kamar an naɗe shi a tsohon kaset. Donuts kuwa, wanda ya fito ranar 7 ga Fabrairu 2006, kwana uku kafin rasuwarsa yana da shekara 32, gutsattsari 31 ne marasa mawaƙi, yawancinsu ba su kai minti biyu ba, inda ya daddatsa tsofaffin faifai ƙanana ƙanana ya sake jera su har muryoyin ciki suka zama kamar suna faɗar wata magana dabam. Na'urar tasa yanzu tana gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Smithsonian a Washinton.

Shi ma ba a rasa abin faɗa a kansa ba. Tangaɗin da ya sa kiɗansa ya yi daɗi shi ne yake kayar da mawaƙin da bai ƙware ba, kuma cikin ayyukan da aka fitar bayan rasuwarsa na ji waƙoƙi da dama inda mai baiti yake bin ganga a guje bai taɓa cim mata ba. Mawaƙin da yake neman kiɗan da zai hau cikin sauƙi ya sayar, gara ya nufi Dre ko Timbaland, idan yana da kuɗin biyansu da haƙurin jira.