Bikin littattafan zane na Angoulême: abin kallon yana bakin kogi

Garin Angoulême a Faransa ba a shimfiɗe yake ba. Tsohon gari yana can bisa tudu, kogin Charente yana ƙasa, kuma bikin littattafan zane, wato masu ba da labari da jerin zane-zane, da aka fara a 1974, wanda ake yi a ƙarshen watan Janairu, ya rabu tsakanin wuraren biyu. A sama ake kafa manyan tantunan sayar da littattafai, can kuma cunkoson yake. A ƙasa akwai gidan tarihi da laburare da sinima. Na sha zuwa daga Bordeaux inda nake zaune, tafiyar da ba ta kai awa guda a jirgin ƙasa mai sauri, kuma ra'ayina bai canza ba: yawancin baƙi suna ƙarar da yininsu a sama, alhali abin da ya cancanci kuɗin tikitin yana ƙasa.

Bari in fara da tantunan, tunda su ne kowa ke rugawa. Mafi girma yana filin Champ de Mars, inda manyan kamfanonin buga littattafai ke baje kolinsu. Ranar Asabar ba ka tafiya da ƙafarka a ciki, jama'a ce ke tura ka. Alhamis da Juma'a da sauƙi, sai dai ka shirya wa ayarin 'yan makaranta da malamansu. Wanda ya zo da niyyar samun rahusa kuwa ya yi asarar sammako. Faransa tana da doka tun 1981 wadda ta ce kamfanin da ya buga littafi shi ke yanka farashi, kuma mai kanti ba zai rage fiye da kashi 5 cikin ɗari ba. Littafin da ka sha matsi ka saya a tanti, kuɗinsa ɗaya da na kowane kantin unguwa a Faransa. Ga shi kuma littattafan nan na Faransa da Beljiyam manya ne masu bango mai tauri, yawanci shafi 48 masu launi. Ka saka biyar a jaka, kafin la'asar kafaɗarka ta fara ƙorafi.

Dalili ɗaya ne na saye a tanti, kuma dalili ne mai ƙarfi. Masu zanen suna zaune a bayan tebur, kuma a al'adar nan ba sa hannu kawai suke yi ba, zane suke yi maka a shafin farko. Ka miƙa littafin, a tambaye ka sunanka, sai ka tsaya kana kallon hannu yana aiki. Wani da fensir yake farawa, wani kai tsaye da burushi da tawada, wani ma har ya buɗe ɗan akwatin fentin ruwa. Cikin 'yan mintuna fuska ta fito a farar takarda, babu gogewa, babu komawa baya. Na taɓa tsayawa gaban wata matashiya a tantin ƙananan kamfanoni da ke wani dandalin garin mai suna New York, babu kowa a layinta, ta zana mini akuya bisa rufin mota don kawai na ce mata a Damagaram na tashi. Shawarata ke nan: bar layin mashahurai, inda wani lokaci sai an raba tikiti ko an yi ƙuri'a kafin ka kai gaban tebur, ka nufi tantin ƙananan. Can ne ake hira, can ne kuma ake samun littattafan da aka buga kaɗan, waɗanda ba za ka gani a kantin unguwa ba.

Daga nan sai ka gangara. Akwai motocin bas na biki masu kai da kawowa, amma ni da ƙafa nake sauka, in bar bas ɗin don dawowa, domin hawan tudun nan ba wasa ba ne. A bakin kogi akwai wani gini mai fuskar gilashi da ake kira Vaisseau Mœbius, daga nan kuma gadar ƙafa mai sunan Hugo Pratt ta tsallaka zuwa tsofaffin rumbunan ajiye giya da aka mayar gidan tarihin littattafan zane a 2009.

Abin da ke ciki shafukan asali ne, wato takardar da mai zanen ya yi aiki a kai kafin a kai maɗaba'a. Sun kai dubbai, ba a fito da su duka lokaci guda, ana sauya su saboda haske yana cin takarda da tawada. Tarihin yana farawa tun daga Rodolphe Töpffer, malamin makaranta ɗan Geneva wanda ya riƙa jera hotuna da rubutu a ƙarƙashinsu a shekarun 1830. Amma ba tarihin ne ke tsayar da ni ba. Shafin asali ya fi wanda aka buga girma sosai, kuma duk wahalar mai shi tana bayyane a kai. Za ka ga layukan shuɗin fensir a ƙarƙashin baƙar tawada, wanda ake amfani da shi don ba ya fitowa idan aka ɗauki hoton shafin domin bugawa. Za ka ga farin fenti inda aka rufe hannun da bai yi daidai ba aka sake zana shi, da guntun takarda da aka manna a kan magana aka canza ta, da ɗan rubutu a gefe da aka bar wa mai saka launi. Littafin da ke hannunka a gida ya ɓoye duk wannan. Duk yaron da ke zane a bayan littafin makaranta yana jin haushin kansa ya kamata ya ga yawan farin fentin da gwanaye ke shafawa.

Kantin littattafan da ke jikin gidan tarihin ya fi mini tantuna nesa ba kusa ba. Farashi ɗaya ne, amma akwai sararin juyawa, kuma ma'aikatan sun san hajarsu. Na tambayi ayyukan 'yan Afirka aka kai ni wurinsu ba tare da dogon nema ba. Wanda ke son farawa daga gida-gida ya nemi aikin Marguerite Abouet 'yar Kwaddibuwa da mai zane Clément Oubrerie, labarin 'yan matan unguwar Yopougon a Abidjan, wanda ya ci kyautar littafin farko a wannan bikin a 2006.

Maganar hoto. Cikin gidan tarihi hasken a rage yake da gangan, ba a kunna walƙiyar kyamara, kuma gilashin da ke kan shafukan yana mayar maka da fuskarka. Na daina wahalar da kaina a nan, kallo nake yi. A waje ne aikin yake. Garin cike yake da bangaye da aka yi wa manyan zane-zane, har allunan sunayen tituna an yi su da siffar da'irar nan da ake rubuta maganar mutum a ciki. Sararin samaniyar Janairu a lumshe yake yawanci, kuma hakan alheri ne ga mai ɗaukar bango, don babu inuwa mai kaifi da za ta raba zanen biyu. Sai dai rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kuma wajen shida ta faɗi. Sanyi yana shanye batir da wuri, don haka na biyun a aljihun ciki yake zama. Idan ka shiga tanti mai ɗumi daga waje, gilashin kyamara zai yi hazo, ka ba shi 'yan mintuna kada ka goge da hannun riga. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki mai zane yana aiki. Ban cika samun wanda ya ƙi ba, amma suna son a tambaya.

Sinimar da ke ginin bakin kogi ƙarama ce, irin wadda ke nuna finafinan ƙasashen waje da harshensu na asali da fassarar Faransanci a ƙasa. Ga wanda ƙafarsa ta gaji, babu mafaka kamarta. Garin dama yana da alaƙa da fim: akwai kamfanonin finafinan zane da makarantunsu, akwai bikin finafinan harshen Faransanci da ake yi a watan Agusta tun 2008, kuma a titunansa daraktan fim Wes Anderson ya ɗauki fim ɗinsa The French Dispatch.

Abinci sai da lura. A kasuwar Les Halles akwai burodi da cuku masu kyau, amma abin shafawa a burodi da yankin ke alfahari da shi, grillon charentais, naman alade ne, kada sunan ya ruɗe ka. Ni sandiwici nake haɗowa daga gida, domin da tsakar rana kowane gidan abinci layi ne har waje. Masauki kuma shi ne babbar matsala. Gari ne mai mutum dubu arba'in da 'yan kai, ɗakuna suna ƙarewa watanni kafin biki, don haka da yawa suna kwana a Bordeaux ko Poitiers su shigo da jirgin safe. Daga Paris ma kimanin awa biyu ne. Idan ana son tsaraba mara nauyi, silifas ɗin ɗaki na yankin da ake kira charentaises suna da ɗumi ƙwarai.

Bikin kansa ya shiga rikici. Na 2026 bai gudana ba, bayan masu zane da kamfanonin buga littattafai sun ƙaurace masa saboda saɓani da kamfanin da ke shirya shi, don haka a tabbatar da ranaku kafin a sayi tikitin jirgi. Gidan tarihin da kantinsa da sinimar ba su dogara da bikin ba, a buɗe suke a sauran watannin shekara, kuma a watan Mayu ana samun ɗaki cikin garin ba tare da wahala ba.