Fim ɗin sararin samaniya: mai bin kimiyya ko mai sakin linzami?

Ana yawan tambayata wanne ya fi dacewa a kalla, fim ɗin sararin samaniya da ya bi ƙa'idar kimiyya ko wanda ya saki linzami.

Wajen sauƙin kallo, mai sakin linzami ya yi gaba. Jirage na ruri, bama-bamai na tashi da ƙara, alhali can babu iskar da za ta ɗauki sauti, shiru ne tsit. Ɗayan kuwa sai da natsuwa. A fim ɗin Interstellar na 2014, da lissafin masanin kimiyya Kip Thorne aka zana baƙin rami, wato wani wuri a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa ƙarfin jansa, kuma awa ɗaya a wata duniyar shekara 7 ce a tamu. Ka tashi shan ruwa a daidai nan, zaren labarin ya kuɓuce maka.

Sai dai na kimiyyar ya fi ɓatar da mutum idan ya kauce, tunda an riga an yarda da shi. Guguwar da ta yi jifa da mutum a duniyar Mars, a fim ɗin The Martian, ba za ta yiwu ba, don matsin iskar Mars bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba.

Ɗalibi da mai son musu bayan kallo, na kimiyya ne nasu. Wanda ya kwaso gajiyar aiki, ya bar jiragen su yi ta ruri.