Blogger ko WordPress: Wanne Za Ka Ɗauka?

Kullum sai an tambaya wanne ya fi a cikin waɗannan hanyoyi biyu na buɗe shafi a intanet, to ga bambancin.

Blogger na Google ne tun 2003, kyauta ne. Da asusun Gmail kaɗai za ka buɗe shafi, adireshinka ya ƙare da blogspot.com, tsaro kuma na wuyan Google. Sai dai gidan haya ne: in suka ga ka saɓa dokokinsu, suna iya rufe shafin. Gyare-gyarensa ma kaɗan ne.

WordPress da kake girkawa da kanka fa, manhajar kyauta ce, amma za ka biya kuɗin ma'ajiya (wurin da ake ajiye shafin a intanet) da na sunan shafi duk shekara. Ranar da kuɗin ya ƙare ba ka sabunta ba, shafi ya ɓace. Yawancin matsala daga ƙananan manhajojin da ake ƙara masa take: wadda ta tsufa ba a sabunta ba ƙofa ce ga masu kutse, biyu kuma in suka yi karo sai ka buɗe shafi ka tarar da farin allo fayau. Don Allah kafin kowane sabuntawa, ka adana kwafin fayiloli da rumbun bayanai.

Mai son rubutu kawai daga waya, Blogger ya ishe shi. Mai shirin buɗe kanti ko tara masu rajista, kuma zai iya ɗawainiyar kulawa, WordPress ne nasa.