Kwana tara ina zuba rafi: yadda na ga Realistic Water da Water Effects

'Yar ƙaramar jif ɗin roba ta dayoramar da nake ginawa ta yi wata bakwai a saman kabad tana jiran ruwa. Na haɗa ta, na yi mata fenti, na watsa mata taɓo har ƙarƙashin madigadi, na zaunar da direba hannunsa a kan sitiyari, amma rafin da ya kamata ta tsallaka yana nan rami kawai a cikin allo. Ba ƙiwa ce ta hana ni ba, tsoro ne. Shekara biyu da suka wuce na taɓa zuba wani rezin na foliyesta, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi kama da gilashi, irin mai warin nan da ke hawa kai, a cikin tafkin da na sassaƙa da farin soson da ake tokare kaya a kwali. Ban san sinadarin da ke cikinsa yana narkar da irin wannan soso ba. Ina tsaye ina kallo gaɓar tafkin ta lotsa, itatuwan da na dasa suka karkace, aikin wata biyu ya tafi kwandon shara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle.

Ga wanda bai saba da harkar ba, dayorama ɗan ƙaramin fage ne da ake ginawa a kan allo, da ƙasa da ciyawa da mutane da motoci, komai an rage shi da ma'auni ɗaya. Tawa 1:35 ce, wato santimita 1 a kan allo santimita 35 ne a zahiri. Allon santimita 30 ne a tsawo, 20 a faɗi, rafin kuma ya ratsa shi da faɗin kusan santimita 8. Motar Willys ce ta kamfanin Tamiya, irin ta Yaƙin Duniya na Biyu.

A wannan karon na nemi abin da ba ya zafi, ba ya wari, ba a haɗa shi da komai. Haka na faɗa kan kwalabe biyu na Woodland Scenics, kamfanin Amurka da ke jihar Misuri wanda masu gina ƙananan layukan dogo suka fi sani. Ta farko Realistic Water, mililita 473, ruwa ne mai ɗan kauri kamar sabulun ruwa, ana zuba shi kai tsaye daga kwalba ya baje da kansa. Ta biyu Water Effects, fari ne mai kauri kamar man goge baki, ba ya gudu, inda ka ajiye shi nan yake zama, kuma in ya bushe farin ya tafi ya koma garau.

Kafin in taɓa allon na yi gwaji a murafan gwangwani guda biyu, kuma wannan gwajin ne ya fi komai yi mini amfani. Ɗaya na bar shi yadda yake, ɗaya na yi masa fenti: baƙi-baƙi a tsakiya, yana sajewa zuwa ruwan ƙasa, sannan launin yashi a gefe. Na zuba musu Realistic Water daidai wa daida. Washegari na farkon ya fito kamar murfin da aka manna wa leda. Na biyun kuwa sai ka rantse in ka tsoma yatsa zai nutse har gaɓa, alhali kaurin duka bai kai milimita 3 ba. Kwalbar ba ta sayar maka da zurfi. Sheƙi take sayarwa da fatar sama, zurfin kuwa da burushi ake yin sa tun kafin a buɗe murfinta.

Saboda haka kwana uku na farko ban zuba komai ba. Na lulluɓe soson da filasta, na manna yashi da tsakuwa da wasu ƙiraruwa biyu da za su zama kututturan da ruwa ya kwaso, sannan na shiga fenti. Shuɗi ko ɗigo ban sa ba. Wannan ne kuskuren da kusan kowa ke fara yi, har da ni a da, don tun muna yara da shuɗin fensir muke zana kogi. Je ka tsaya a bakin ƙaramin rafi ka duba ƙasa: abin da za ka gani laka ce da gansakuka da inuwar itatuwa. Shuɗin da ake hangowa daga nesa hoton sararin sama ne a fuskar ruwa. Na yi tsakiyar rafin da kore mai duhu wanda aka karya da ruwan ƙasa, na riƙa haskaka shi sannu a hankali zuwa gaɓa tun fentin yana da danshi, don kada a ga layi tsakanin launi da launi. Da ya bushe na bi shi da man sheƙi na akirilik, irin wanda ake sirkawa da ruwa, sau biyu, in toshe duk wata kafa.

Ko da yake ba duka na toshe ba. Bakin rafin biyu, inda ya fita daga allo, na tare su da yankan roba mai garau da salatif. A kusurwar hagu na bar wata 'yar kafa da ko allura da ƙyar ta shige. Na yi zubin farko da daddare, da safe na tarar da ɗan tafki a kan tebur, ya manne jarida da katako. Wannan ruwan in akwai hanya sai ya same ta, ko da ido bai gan ta ba. Daga baya na gano dabarar da ta fi: ka ja siririn layin Water Effects a duk inda roba ta haɗu da gaɓa, ka bar shi ya bushe, ya zama maka madatsa marar launi. Kuma a daidaita allon da ma'aunin magina, mai ƙwayar iska a ciki, kafin a zuba. Teburin da kake ganin ya miƙe sau da yawa ƙarya yake yi.

Ƙa'idar da ke jikin kwalbar a fili take: kada zubi ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci, kusan milimita 3 ke nan, kuma a ba shi aƙalla awa 24 kafin a ƙara wani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rezin mai kwalba biyu yana daskarewa ne saboda sinadaran biyu sun haɗu, shi ya sa yake fitar da zafi. Wannan kuwa bushewa yake yi, ruwan da ke cikinsa ne ke fita ya bi iska. In ya yi kauri, sama ta yi fata ta kulle na ƙasa, danshin ya rasa hanyar fita. Na karanta, na fahimta, na bi a zubi na farko da na biyu. A na uku haƙuri ya ƙare mini. Na ce bari in haɗa biyu a ɗaya in huta, na kwarara kusan milimita 6 a wurin da ya fi zurfi. Da gari ya waye tsakiyar rafin ta yi fari fat kamar hazo ya sauka a ciki, tsakuwar da na ɓata dare ina jerawa ko ɗaya ba a gani. Kwana uku ina leƙawa kamar mai jinya. A rana ta uku ya fara washewa daga gefe, a ta huɗu ya koma garau. Na ci sa'a, amma kwana ɗayan da na so in tsira da shi ya ci mini uku.

Da yake ta hanyar bushewa yake ƙanƙamewa, yana ɗan janyewa. Abin da ka zuba da daddare ba shi za ka tarar da safe ba, tsakiya takan ɗan faɗa, gefe kuma ya ɗan hau. Haka duk ruwan akirilik yake, sai dai mutum ya sa shi a lissafi. Tayar jif a wannan ma'auni kusan santimita 2 ce, ni kuma ina son ruwa ya kusa kai mata tsakiya, kimanin santimita 35 ke nan a zahiri, ƙasa da gwiwar babban mutum. Kowane zubi na milimita 3 ya ci kusan mililita 70, kuma duka aikin ya bar mini fiye da sulusin kwalba.

Hawan gefen nan shi ne abin da ke tona asirin ruwan ƙarya a hoto. Yakan bi jikin dutse da taya da tushen ciyawa ya ɗan haura, milimita ɗaya ko biyu. A ido ba komai ba ne, amma ninka shi sau 35 ka gani: ruwan da ya hau jikin dutse da santimita 7 ba tare da dalili ba. Maganinsa mai sauƙi ne. Bayan komai ya bushe na ɗauki ƙaramin burushi da man da ke kashe sheƙi, na bi gefen na dusashe abin da ya haura, na bar siririn zare mai ƙyalli daidai bakin ruwa, kamar jiƙar da igiya ke bari. Ciyawar bakin gaɓa kuma gara a dasa ta bayan an gama zubi, don tana tsotsar ruwan kamar lagwani ta daskare tsinke-tsinke.

Kumfa ba ta dame ni sosai ba. Ba a girgiza kwalbar, wannan ma a rubuce yake. 'Yan ƙwayoyin iskar da suka fito daga tsakanin tsakuwa suka taso, kuma a zubin farko ne kawai. Tsinken sakace ya ishe su, muddin ka tsaya a kansu minti goma sha biyar na farko.

Inda na fi jin daɗin kuɗina shi ne kwalba ta biyu. Ruwan da ya kwanta sumul kamar madubi kududdufi ne, ba rafi ba, kuma motar da ke cikinsa sai ta zama kamar an dasa ta a gilashi. Water Effects ne ya tayar da shi. Na ɗebo kaɗan da burushi mai faɗin baki, na riƙa dangwalawa ina ɗagawa, ina bin inda ruwa ke gangarawa. A gaban kowane dutse na ɗan tara shi, don nan ruwa ke cin karo ya kumbura, a baya kuma na ja layi biyu masu buɗewa kamar bakin almakashi. A gaban tayoyin gaba na yi tudun ruwan da mota ke turawa, a baya na bar sawu mai hargitsi. Yayin da kake aikin duk fari ne, kamar ka ɓata abin da ka yi kwanaki kana gyarawa, sai ka daure. Washegari farin ya ɓace, haske ya fara karyewa a kan fuskar rafin yana rawa in ka motsa kai.

A nan ma sai da na zarce. Igiyoyin farko da na yi sun kai milimita 3, a zahiri santimita 10 da ɗoriya, a rafin da faɗinsa bai kai mita 3 ba. Jif ɗin ta zama kamar tana tsallaka ambaliya. Tun yana ɗanye na kwashe da jiƙaƙƙen burushi na sake, wannan karon abin da bai kai milimita 1 ba. Farin fenti kuwa na kusa busar da burushin a kan takarda kafin in shafa, kuma a wuri uku kawai: kan tudun gaban taya, bayan babban dutse, da inda ruwa ke ratsa ƙiraruwa.

Abu ɗaya da ya kamata mai saye ya sani: ko ya bushe ba ya zama dutse kamar epoksi, wato rezin mai kwalba biyu, yana nan da ɗan taushi. Ɗana ƙarami ne ya tabbatar mini. Ya daɗe yana zagaya teburin hannu a baya kamar yadda aka gargaɗe shi, sannan ya ce, "Baba, in na taɓa zan jiƙe?" Kafin in buɗe baki farce ya riga ya sauka. Ya bar ɗan lotsi kusa da gaɓa, shi kuma ya tsaya yana duba yatsansa yana mamakin bushewarsa. Lotsin ya cike da kansa bayan kwana biyu. Ƙura ce ba ta da wannan kirkin, in ta zauna tana kamawa, don haka a lokacin bushewa na riƙa kifa kwali a kai da 'yan ramuka a gefe don iska, yanzu kuma allon yana cikin akwatin roba mai garau.

Wa zan ce ya saya? Mai son rafi marar zurfi, ko kwata, ko kududdufin da taya ta bari a hanya, ko fadama, musamman wanda ke aiki a ɗakin da yake kwana kuma ba ya son wari da safar hannu da awon sirinji. Burushi ma da ruwa ake wanke shi. Wanda kuwa yake son zurfin santimita 4 ko 5 da za a hango jirgin da ya nutse ta gefen allo, ba kayan aikinsa ba ne, zai yi makonni yana zubi. Wannan aikin rezin mai kwalba biyu ne, kuma kamfanin ma yana da nasa mai suna Deep Pour Water. Masu jiragen ruwa na 1:700 su kuma ba sa bukatar zubi ko kaɗan, fenti da abu mai kauri irin Water Effects sun ishe su teku guda.

Ragowar kwalbar na ajiye ta ne don wata tankar yaƙi da ke kan tebur yanzu. Hanyar laka zan yi mata bayan ruwan sama, da ruwa kwance a cikin sawun sarƙa. Zubi ɗaya zai isa, kuma na riga na fara fentin ƙasan ramukan.