Kai ƙarar likita a MDCN kan raunin haihuwa: amfaninsa da iyakarsa

Idan naƙuda ta yi tsawo aka makara da tiyata har jariri ya rasa iska, ko aka ja kansa da ƙarfi bayan kafaɗa ta maƙale hannu ya shanye, hukumar likitoci ta MDCN da ke Abuja tana karɓar ƙorafi. Wasiƙa ba ta wadatarwa, sai takardar rantsuwa daga kotu. Kwamitin bincike zai nemi martanin likitan, in ya ga alamar sakaci ya tura kotun ladabtarwa.

Abin yabo a nan, likitoci ne ke karanta fayil ɗin asibiti. Sun san ma'anar giɓin awa uku a takardar bibiyar naƙuda, inda ya kamata a rubuta bugun zuciyar jariri duk bayan minti 30. Saboda haka a nemi kwafin fayil tun kafin sallama.

Amma ana daɗewa, kuma hukumar ba ta ba da diyya ko sisi; hukuncinta gargaɗi ne, dakatarwa ko soke lasisi. Kuɗin gashin ƙashi da maganin yaron sai Babbar Kotu. In asibitin gwamnati ne, a ga lauya da wuri, domin dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ƙayyade wata uku don shigar da ƙara a kotu. Ƙorafi kan ungozoma kuwa hukumarsu daban ce.