Dashen kwatangwalo: ƙarfe, tangaran ko roba?

Wanda likita ya ce wa sai an yi masa dashen kwatangwalo a Abuja, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne, ta biyu kuma ko zai iya zaman tahiya. Da wuya ka ji ya tambayi da me aka ƙera ƙwallon da ake sa wa a madadin kan ƙashin cinya da kwarmin da yake juyawa a ciki, alhali gugar waɗannan biyun na cikin abin da ke yanke shekarun dashen.

Duk taku ɗaya yana kankaro ɓurɓushin da ido ba ya gani. Garkuwar jiki takan far masa, garin haka ƙashin da ke riƙe da dashen ya zaizaye, abu ya fara girgiɗi. Sai tiyata ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya da cin kuɗi.

Ƙwallon ƙarfe cikin kwarmin roba shi ne tsohon hannu. John Charnley ya kafa shi a Ingila a 1962, bayan robar Teflon da ya fara gwadawa ta cinye cikin 'yan shekaru. Sai dai roba suna ta tara. Ta da takan cinye kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita a shekara. Wadda ta shigo a ƙarshen shekarun 1990, da ake haska wa wani haske mai ratsa abu da ake kira gamma har ƙwayoyinta su sarƙe da juna, cinyewarta ta yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Likitoci na ce mata kuros-link. In an ba ka farashi mai sauƙi, tambaya: "Likita, wace robar ce?" Ga dattijo mai shekara 70, ƙarfe a kan wannan robar ya wadatar.

Matashi kuwa, musamman mai sikila da kan ƙashin cinyarsa ya mutu yana ɗan shekara 30, tafiyarsa da sauran nisa. Da ƙanena ne, ƙwallon tangaran a kan sabuwar robar zan biya masa, ko da an ƙara kuɗi, don tangaran ya fi santsi kuma ba ya saurin karcewa.

Tangaran a kan tangaran, da aka fara a Faransa a 1970, ya fi kowanne ƙarancin cinyewa. Amma wasu yakan yi musu ƙara ƙiii in sun sunkuya (ka ƙaddara a sahun Juma'a ne), kuma jefi-jefi yakan fashe, tsince ɓaraguzan kuwa jan aiki ne.

Ƙarfe a kan ƙarfe, ka ce a kai kasuwa. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ASR. Irin wannan haɗi yakan saki ƙarafan kobal da kuromiyam cikin jini, ya ɓata naman da ke kewaye.

Kafin sallama, ka karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar kayan, ka kuma riƙa komawa hoton ƙashi ko ba ka jin komai, domin zaizayar takan yi nisa kafin zafi ya fara.