OraQuick HCV a ɗakin wankin ƙoda: yana da rana, amma ba ga kowa ba

Mai wankin ƙoda ya gaji da allura. Duk zuwa sai an soka masa manya guda biyu a fistula, wato jijiyar hannu da aka haɗa masa don wankin, ga shi jinin dama bai wadace shi ba. Shi ya sa ni da nake jinyar waɗannan bayin Allah na yi ɗokin OraQuick HCV, abin gwajin ciwon hanta nau'in C na kamfanin OraSure na Amurka, wanda ake iya yi da ruwan dasashi.

Aikinsa ba wuya. Ɗan faifai ne a bakin sanda, a goga a dasashin sama sau ɗaya, na ƙasa sau ɗaya, a tsoma cikin kwalbar ruwan da ya zo da shi. A duba bayan minti 20, kada a wuce 40. Layi biyu na nufin an ga alamar garkuwar da jiki ke yi wa ƙwayar cutar, layi ɗaya kuma ba a gani ba. Sharaɗin kada a ci ko a sha komai minti 15 kafin gwaji shi ke ba mu aiki da tsofaffi. "Baba, an ci goro?" "A'a 'yata," alhali haƙora ja wur.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance shi a 2017, a 2024 kuma ta tantance nau'in da mutum zai yi wa kansa. A Amurka dai da jini kawai hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta yarda a yi shi.

Ga inda nake ja da baya. Garkuwar da ke ruwan baki ba ta kai yawan ta jini ba, masu ciwon ƙoda kuma garkuwarsu rarrauna ce, bakinsu a bushe saboda an taƙaita musu shan ruwa. Layi ɗaya a wurinsu ba ya kwantar mini da hankali, domin a ɗaki irin namu mutum ɗaya da aka kuskure, in aka yi sakaci da tsafta, sai ya shafi na gadon kusa. Layi biyu ma ba hukunci ba ne. Kusan mutum uku cikin goma jikinsu kan kori cutar da kansa, alamar ta zauna, sai gwajin PCR, mai neman ƙwayar kanta a jini, ya faɗi ko ƙwayar tana nan. Wanda yake kan inji kuwa, jininsa na yawo a bututu a gabana; in ɗiba daga nan ba sai na ƙara masa suka ba.

Inda ya burge ni shi ne wurin iyalai: matar majinyaci, ɗan'uwan da ya fara tunanin ba da ƙoda, mai tsoron ganin jini. Waɗannan da sun ji "gwaji" sai su sulale, amma goga dasashi ba sa ƙi. Gwajin duk wata shida da ƙa'idar KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin jinyar ƙoda, ta tanadar wa masu wankin ƙoda kuwa, da jini nake yinsa.